Aikin sensar danshi da ta amoniya, rubutun da nake ajiyewa daga Agege

Asabar, 10 ga Mayu 2025

Gara komai ya zauna waje ɗaya, shi ya sa na buɗe wannan rubutun. Abin da nake son haɗawa sensa ce mai jin danshin iska, daga baya in Allah ya yarda wata mai jin amoniya, kuma so nake abin da ke jin ɗin ni zan shafa shi da hannuna ba in sayo gamammiya in liƙa ba. Dalili kuwa Kawu. Yana da sito a Mile 12, busasshen barkono da wake da gyaɗa, kaya su taso daga Arewa inda iska ta bushe ƙayau su sauka Legas inda in damina ta kankama danshin iska kan wuce kashi 80 cikin ɗari, ba a jimawa sai ka ga buhun ƙasa ya fara fumfuna. Ita fumfuna da danshi ya haura wajen kashi 70 ta samu wurin zama, ta gyaɗa kuma ita ce mai kawo gubar afalatoksin. Ma'aunin Kawu hannunsa ne, ya soka cikin buhu ya ce wannan ya sha iska, kuma yawanci yana canka daidai, sai dai kafin hannu ya ji an riga an makara.

Na san akwai gamammun sensar danshi irin DHT22 da SHT31 a kasuwa, zan ma sayi ɗaya don gwaji. Amma ta gas ɗin da ake samu da arha irin MQ-135 sai an gasa ta kafin ta ji komai, akwai hita a cikinta mai cin wajen miliwat 800 dare da rana, batir ba ya kwana da ita. Kayan da nake son gwadawa suna ji a zafin ɗaki.

Su ne kayan nan masu falle-falle, tsawo da faɗi kawai gare su, kaurin atam ɗaya ne ko uku. Bakin fensir garafait ne, falle kan falle, tsakaninsu nanomita 0.34, riƙon da ke tsakanin mai rauni ne shi ya sa fensir ke barin baƙi a takarda. Falle ɗaya shi ne girafin, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro da salatif a Jami'ar Manchester a 2004, aka ba su kyautar Nobel a 2010. A 2007 mutanensu suka nuna girafin na iya jin saukar ƙwayar gas ɗin NO2 (naitirojin dayoksayid) ɗaya tak a kansa. Abin ba shi da ciki ne, duk jikinsa waje ne, duk abin da ya taɓa shi sai wutar da ke bi ta jikinsa ta canja.

Asabar, 17 ga Mayu

Sayayya. A Computer Village inda nake gyaran waya na samu ESP32, ƙaramar kwamfutar da za ta riƙa karanta sensar, naira 9,500, SHT31 6,000, allon tagulla da ƙananan kayan haɗi wajen 5,000. Ojota na je neman sinadarai, ferik kulorayid na cinye tagulla da gishirin magniziyam da na fotasiyam, duka da kuɗin danfo 14,000.

Shi girafin oksayid, GO zan riƙa rubutawa, wani abokina mai digiri na biyu a kimiyyar sinadarai ne ya ɗibar min a ƙaramar kwalba, ruwa ne launin ƙasa-ƙasa. Na tambaye shi ko zan iya dafa nawa a gida ya ce kada ma in fara. Hanyar Hummers ce tun 1958, garin garafait da asid ɗin salfa mai kauri da famanganet, haɗin nan in zafinsa ya haura digiri 55 yana iya fashewa. A gidan haya mai ɗaki-ɗaki da yara na guje-guje a baranda? A'a, na yafe.

Laraba, 21 ga Mayu

Na fitar da haƙoran tagulla a kan allo. Siffar kamar mataji biyu ne aka soka haƙoran wannan tsakanin na wancan ba tare da sun taɓa juna ba, abin da ka ɗiga a kai shi ne gadar da wuta za ta bi. Na buga zanen a takarda mai sheƙi, na danne shi kan tagulla da dutsen guga, sannan cikin ferik. Tazarar da na iya samu ba tare da layuka sun haɗe ba kamar milimita 0.3 ce, masu ɗakin gwaji suna yin wadda ta fi gashin kai siriri amma dai a fara da abin da ke hannu.

Ɗigo na farko da ya bushe sai ya tara kayan duka a gefe ya yi zobe mai duhu, tsakiya fayau. Gefen ɗigo ya fi saurin bushewa, ruwan tsakiya ya riƙa kwarara can yana jan fallayen. Da na sirka shi da ruwa sosai na koma ɗiga kaɗan-kaɗan, allon na kan murfin tukunya mai ɗumi-ɗumi, shafin ya fi daidaita.

Laraba, 28 ga Mayu

Kai, yau na ji daɗi. Na ɗora wa allon da na shafa wa GO mitar auna turjiyar wuta na huro masa numfashi, lambar ta faɗo tun ban rufe baki ba, na ja da baya ta koma. SHT31 da ke gefensa sai ta yi ta jan ƙafa na wasu daƙiƙu kafin ta iso. Dama masu binciken Nokia a Kambirij sun ruwaito a 2013 cewa siririn shafin GO na amsawa cikin kamar milisakan 30, ni nawa mai kauri ne bai kai can ba, amma ko haka abin kallo ne.

Abin da ke faruwa, shi GO girafin ne da aka cika wa jiki da iskar oksijin, wuraren nan suna son ruwa sosai. In ya bushe kusan ba ya wuce da wuta. In danshi ya zo ruwa ya shiga tsakanin fallayen, tazarar ta kumbura daga wajen nanomita 0.7 har ta haura 1, sai furoton su riƙa tsallake daga ƙwayar ruwa zuwa ta gaba, su ke ɗaukar wutar.

Huro numfashi dai ba awo ba ne. Na jera kwalaben jam masu murfin roba, kowace da jiƙaƙƙen gishiri wanda ya ƙi narkewa duka, domin irin wannan a rufaffen wuri yana tsayar da danshi a lamba sananniya. A digiri 25 magniziyam kulorayid na ba da kashi 33, fotasiyam kabonet 43, gishirin miya 75, fotasiyam kulorayid 84, fotasiyam salfet 97. Na ɓangaren bushewa kuma silika jel na kwalin takalmi da na gasa. Kowace kwalba sai an bar ta sa'o'i kafin ta daidaita, in ka buɗe murfi ka leƙa kuma an koma farko.

Litinin, 2 ga Yuni

Matsala ta fito. A kwalbar gishirin miya inda danshi ba ya motsi, lambar mita sai hawa take a hankali ba ta tsayawa, in na cire wayoyin na juya su sai ta faɗi ta sake fara hawa. Tunda ayon ne ke ɗauke da wutar, mita kuma wuta mai gefe ɗaya take turawa, sai su taru a jikin haƙori ɗaya su toshe hanya. Dole awon ya koma wuta mai kai da komo. Na haɗa 555, ƙaramin IC mai fitar da bugun wuta, irin na CMOS, sensar ta zama kafasita a ciki, ESP32 na ƙirga bugun. Danshi ya hau bugu ya ragu. Yanzu lambar na zama.

Sallah ranar Juma'a ce, zan taya Kawu hidimar raguna, aiki sai bayan nan.

Asabar, 14 ga Yuni

Na dawo na tarar da allunan da na bari a kwalbar 84 sun yi kore a gefen haƙora, ɗaya ma layin ya yanke gaba ɗaya. Shi GO yana da ɗan tsami-tsami na asid, ga danshi, ga tagulla tsirara, ga wataƙila ɓurɓushin ferik da wanki bai fitar ba. Wanda ke ajiye a silika jel lafiyarsa lau. Wato duk lambobin da na tara kafin Sallah na wani allo ne da yanzu babu shi, kuma ko waɗanda ba su yanke ba karatunsu ya gusa, wanda ke nuna 75 a da yanzu yana nuna kamar yana cikin 84.

Na gwada shafa wa haƙoran dalma da ayan, sai ta cike tazarar ta haɗe layuka. Na gwada zana haƙoran da fensir 6B a kan takarda mai kauri, wannan ba ya tsatsa kuma yana aiki, amma ita kanta takardar tana shan danshi, ba ka san wa ke magana ba, GO ko takarda. Ƙarshe na yi odar alluna daga Chaina masu rufin zinare, tazara 0.15, da kuɗin kawowa wajen 41,000. Ya yi min ciwo wallahi, ya fi duk abin da na kashe a baya.

Alhamis, 19 ga Yuni

Jira. Ruwa tun asuba, SHT31 a ɗakina ta kwana a sama da 85. An ɗauke wuta, na rubuta lambar ajiye bayanai a katin memori da fitilar waya.

Laraba, 25 ga Yuni

Kafin alluna su iso na taɓa na biyun, MoS2, molibdinam da salfa. Duk bakanike ya san shi ko bai san sunansa ba, shi ne ke cikin baƙin giris ɗin nan na shaf, santsinsa daga zamewar fallayen yake. Falle ɗaya kaurinsa wajen nanomita 0.65, kuma ya bambanta da girafin domin shi samikondakta ne, gibinsa, wato kuzarin da ilektron ke buƙata kafin ya ɗauki wuta, wajen 1.2 eV in yana dunƙule, in ya koma falle ɗaya ya kai 1.8, shi ya sa ake sa masa rai wajen jin gas.

Hanyar ɓare shi cikin ruwa mutanen Jonathan Coleman na Trinity College a Dublin ne suka yaɗa ta, 2008 a girafin, 2011 a MoS2 da 'yan uwansa, kuma ba komai ba ce illa girgiza da sauti mai ƙarfi. To mu a shago muna da injin da muke wanke bod ɗin waya in ta faɗa ruwa, irin girgizar ke nan, ga IPA, sinadarin alkohol da muke wanki da shi. Na roƙi oga ya bar min bayan an tashi. Ya ce in dai ba zai ƙone ba, in ya ƙone kuma daga albashina. Garin MoS2 da na yi oda, giram 25 a 12,000, na zuba kaɗan cikin IPA da ruwa a kwalba na tsoma a injin. Ruwan injin na zafi da sauri dole ana canja shi, injin kuma yana kashe kansa bayan 'yan mintoci sai ka sake dannawa, haka na zauna ina danna maɓalli har bayan Isha.

Da na bar kwalbar ta kwana biyu manyan suka kwanta, na sama ya fito kore mai duhu, in ka haska masa leza ana ganin layin hasken a ciki. Abokina ya sa shi a na'urarsu ta auna shan haske ya ga tudu biyu wajen nanomita 610 da 670, alamar MoS2 ke nan. Falle nawa ne kowanne, wannan sai babban madubi, amma dai ya ɓaru.

Alhamis, 3 ga Yuli

Alluna sun iso, sun yi kyau abinsu. Na shafa GO na sake bin kwalabe daga 33 zuwa 97 sannan na sauko. Hawa da sauka ba su bi layi ɗaya ba, in daga 97 na dawo 75 yana nuna ya fi in daga 43 na hau, bambancin ya kai kashi 5 ko 6, ruwan da ya shige can tsakanin fallaye ba ya son fita da wuri. Shafi mafi siriri shi ya fi ƙarancin wannan hali. Wanda ya kwana a 97 kuma da gari ya yi sanyi da asuba raɓa ta kwanta masa, shafin ya tashi ya naɗe a gefe, dama daga ruwa aka ɗigo shi, ruwa kuma na iya mayar da shi. Waɗanda na ɗan gasa a kan dutsen guga mai matsakaicin zafi kafin gwaji sun fi riƙe allo, sai dai jinsu ya ɗan ragu. Na yarda da wannan cinikin.

MoS2 shi kaɗai a kan allo mita ta ƙi karanta shi, iyakarta megaom 200 kuma ya wuce nan. Fallayen ƙanana ne, wuta na wahalar tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Asabar, 12 ga Yuli

Amoniya. Wani ɗan unguwarmu na da gidan kaji a bayan Ikorodu, shi ya sa min wannan ra'ayin, domin ana son amoniyar ɗakin kaji kada ta wuce ppm 25, wato 25 cikin miliyan na iska, wanda ya saba shiga kuma hancinsa ya daina ji.

Na mayar da wani ɓangare na GO ya zama mai wuce da wuta ta hanyar dafa shi da garin bitamin C a wajen digiri 90, launin ya juye daga ƙasa-ƙasa zuwa baƙi ƙirin. Gari tsantsa fa, ƙwayar kemis akwai sukari da abin ɗaure ta a ciki. Masu ɗakin gwaji da haidirazin suke yi, guba ce, ba ruwana da ita. Na gauraya baƙin da ruwan MoS2 na ɗiga, ya ba ni 'yan kiloom, mita ta karanta. A ƙa'ida amoniya kyautar ilektron take yi, NO2 kuma ƙwacewa. Wannan baƙin girafin ɗin da gurabun da babu ilektron yake tafiyar da wuta, don haka amoniya na ɗaga turjiyarsa NO2 na sauke ta, MoS2 kuwa akasin haka. A haɗin nawa girafin ne ya yi rinjaye, amoniya ta zo lamba ta hau.

Na ɗiga ruwan amoniya a auduga na jefa a kwalba, lamba ta hau, har na fara murna. Sai na jefa audugar da na jiƙa da ruwa zalla a wata kwalbar, ita ma lamba ta hau, kusan rabin wancan. Wato rabin abin da na gani danshi ne. Na ce to bari in tsayar da danshin da gishirin miya sannan in sa amoniyar, ai kuwa ruwan gishirin ya shanye ta, amoniya da ruwa ba a shiga tsakaninsu. Abin da ya yi aiki sirinji ne, in zuƙo iskar saman kwalbar amoniya kaɗan in tura cikin babban bokitin roba mai murfi, SHT31 na ciki tana shaida cewa danshi bai motsa ba. A haka amsar ta fito, ƙarama amma tata ce.

Nan ne raina ya ɗan ɓaci da yawancin takardun binciken da nake karantawa. Za ka ga zane mai kyau, ppb kaza, wato kaza cikin biliyan, amma ka duba ƙasa sai ka ga a busasshiyar naitirojin aka yi gwajin, cikin ɗaki mai AC. A iskar Legas ta yau, digiri 28 da danshi 85, ƙwayoyin ruwa sun kai wajen kashi 3 cikin ɗari na iskar, ppm dubu talatin ke nan, kai kuma kana neman 25 na amoniya a cikinsu, kuma duk a kan fuska ɗaya suke sauka. Abin da ya sa kayan nan ke ji sosai shi ne ya sa ba sa zaɓe. A ganina duk sensar gas ta irin wannan da ba ta da ta danshi a gefenta ana cire mata lissafi, ba ta da amfani a nan garin.

Ga kuma nawar dawowa. An buɗe bokiti, an fita da ita iska, bayan rabin awa ba ta koma inda ta taso ba. Fitilar UV da muke busar da koren gam na bod a shago na haska mata, cikin 'yan mintoci ta sauko.

Lahadi, 20 ga Yuli

Wani ya ce me ya sa ban gwada MXene ba, shi ma wani kayan falle-falle ne. Na karanta, 2011 aka fara fitar da shi a Jami'ar Drexel ta Amurka, Yury Gogotsi da Michel Barsoum, yana wuce da wuta kamar ƙarfe kuma yana jin gas. Amma da asid ɗin HF ko danginsa ake sassaƙo shi, kuma a danshi yana rikiɗewa ya koma titaniyam oksayid. Baƙin fosfaras, wani ɗan uwansu, ya fi shi saurin lalacewa, kwanaki kaɗan a iska ya tafi. Ba yanzu ba.

Talata, 29 ga Yuli

Na kai ta danshin sito. Akwatin roba na soket, na huda shi, na rufe hudar da farin salatif ɗin masu gyaran famfo ninki biyu, tururi na wucewa amma ɗigon ruwa da ƙura ba sa shiga. Akwatuna biyu ne, cikin kowanne akwai GO, SHT31, ESP32 da batir 18650, yana farkawa duk minti goma ya rubuta ya koma barci. Ɗaya na rataye a tsakiya, ɗaya a ƙasa ta bangon baya.

Kawu ya juya akwatin a hannu ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ne zai faɗa min abin da hannuna bai sani ba?" Na ce Kawu ba wai ya fi ku sani ba ne, shi dai ba ya barci. Ya ce to Allah ya sa albarka, amma a ɗaga shi sama kaɗan, ɓerayen Mile 12 ba sa barin waya. Yaran shago kuma suna ta huro masa baki suna kallon lamba a wayata, sai da na hana.

Laraba, 6 ga Agusta

Na ciro katin. Tsakiyar sito da rana yana sauka wajen 72, da asuba ya haura 80. Na ƙasan bangon baya bai taɓa sauka ƙasa da 82 ba ko sau ɗaya, kuma nan ne aka jingine gyaɗa, buhu a kan siminti kai tsaye. Na nuna wa Kawu zanen a waya, bai ce komai a kan zanen ba, ya dai sa yara su nemo katako a ɗora buhunan a kai a kuma ja su daga jikin bango.

Su GO ɗin, sun bi SHT31 hawa da sauka, amma a hankali suna gusawa, zuwa jiya ɗaya na nuna ƙasa da ita da kashi 4, ɗayan da 7. Wanda ya fi gusawa shi ne na kusa da barkono, da na buɗe akwatin har ciki ana jin yaji, akwai abin da ke zama a kan shafin ban da ruwa. Na dawo da shi gida na mayar kwalbar gishirin miya in ga ko zai dawo 75 da kansa ko sai an gasa shi.

Kuɗi zuwa yau, da batir da akwatuna da zirga-zirga, ya kusa 105,000.

Abin da ke gaba: ƙaramin rezista a bayan allo da zai riƙa ɗumama shi na minti ɗaya kowace safiya ya kori abin da ya maƙale, sai in auna nawa hakan zai ci a batir. Lissafin gyaran zafi, domin na lura karatun na motsi da zafin rana ko danshi bai canja ba. Ta amoniya kuma zan bi da ita kwalaben gishiri duka ba tare da amoniya ba tukuna, in samu layin danshinta ita kaɗai wanda ESP32 zai riƙa cirewa, sannan a tafi Ikorodu. Lambar ppm ba ta cikin lissafi har sai an samu gas mai sanannen ma'auni, abokina ya ce zai tambayi malaminsu ko za a bar mu mu yi rana ɗaya a na'urarsu. A yanzu fitila uku za ta nuna, kore da rawaya da ja. Saura alluna masu zinare shida, GO kuma bai fi cokali biyu ba a kwalbar.